Waƙar da ke Riga Fim Isa Auyo

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Haɗejiya lokacin da kaset ke tashe zai tuna wannan abu, ko da bai taɓa tsayawa ya yi mamakinsa ba. Sabuwar waƙar fim takan shigo Auyo tun fim ɗin bai fito ba. Ka ji ta a bakin 'yan mata masu tallar gyaɗa, ka ji ta a teburin mai shayi, ka ji ta wajen yaran da ke korar tsuntsu a gonakin shinkafa na Gamsarka da Ayama. In ka tambayi ɗayansu labarin fim ɗin, bai sani ba. Wa ya yi waƙar? Nan ma bai sani ba. Amma baitocin suna kansa tsaf, har da wurin da mace ke karɓa. Sai an kwashe makonni kaset ɗin bidiyo ya iso gidan kallo, a tada janareto, ɗaki ya cika maƙil da mutanen da suka zo ganin abin da suka riga suka haddace.

Abin da ɗaure kai. Daga Kano zuwa Auyo tafiyar sa'o'i ce a mota, kuma in kogin Haɗejiya ya cika ya tumbatsa da damina, akwai ƙauyukan da sai da kwalekwale ake shigarsu. Wayar hannu ba ta zo Najeriya sosai ba sai 2001, ƙauye kuwa sai da ta ƙara jira. Takin zamani yakan makara a hanya, maganin asibiti yakan makara, waƙar fim ba ta makara. To wa ke kawo ta, kuma me yake ci a ciki?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce waƙa mai daɗi ba ta buƙatar ɗan rakiya, da kanta take tafiya. Lokacin zuwanta ne ya ƙaryata wannan. Sababbin waƙoƙi sun fi yin ambaliya gab da ƙaramar Sallah da babba, da kuma bayan kaka, lokacin da manomi ya sayar da shinkafa aka shiga ɗaurin aure gida-gida. A yankin Auyo ma abin sau biyu ne, don ruwan madatsar da hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are ke kula da ita ya ba mutane noman rani, kuɗi kan sake shigowa bayan an yanke alkama da shinkafar rani. Kuma waƙar da ta iso Auyo a wannan mako, ita ce dai ake ji a Gumel da Nguru, ita ce ake ji a Maraɗi da Damagaram. Abin da ke yaɗuwa da kansa yakan bi gari-gari ne a hankali. Wanda ya sauka ko'ina lokaci guda, daidai sa'ar da aljihu ke da nauyi, akwai mai sakinsa.

Wanda za a fara tuhuma shi ne rediyo. Yana da tarihi a wannan aiki. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, ta nan muryar Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos ta shiga bukkar masunci da rugar makiyayi. Sai dai tallar fim a rediyo da talabijin fili ne na kuɗi, sai an biya ake sa ta. Tashoshin FM masu zaman kansu da ke sakin waƙa dare da rana ba su zo da wuri ba, Freedom ta Kano ma sai ƙarshen 2003 ta fara aiki. In har rediyo ya taimaka, to wani ne ya zaro kuɗi ya saya masa lokaci. Tambayar tana nan inda take.

Sai direbobi. Su kam hannunsu dumu-dumu. Motar haya da ta taso daga Kano ta ratsa Gujungu, fasinja goma sha wani abu a matse, kaset ɗaya na juyawa tun daga tasha har Haɗejiya, ai kafin a sauka kowa ya iya amshi. Amma direba saye ya yi a tasha, kamar yadda ya sayi goro. Ya ɗauko ne, bai ƙirƙira ba.

Ke nan sai a koma ga kaset ɗin kansa, na rediyo, wanda mai baro ke turawa ranar kasuwa da batirin mota da lasifika a ɗaure da roba. Ɗauke shi ka juya. Araha ne, kusan kuɗin fankon kaset. A bangonsa hotunan 'yan wasa ne da sunayen fina-finai, sau da yawa na kamfanoni daban-daban an haɗa su wuri guda, wasu sun fito, wasu an ce suna nan tafe. Abin da ba kasafai za ka gani ba shi ne sunan wanda ya rera. Mutane da yawa a ƙauye sun daɗe suna zaton Ali Nuhu da Fati Muhammad ne ke waƙa da bakinsu, alhali muryoyin na wasu ne da ke bayan labule, irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim da Sani Yusuf Ayagi, daga baya Sadi Sidi Sharifai da Fati Nijar da Maryam A. Baba. Mawaƙin fim na wancan zamani ɗan kwangila ne. A kira shi situdiyo, ya rera, a sallame shi sau ɗaya, shi ke nan. Ko waƙar ta kai Agadas ko ta tsaya a Fagge, abin da ya shiga aljihunsa bai ƙaru ba. Mutumin da ba a rubuta sunansa ba, ba a kuma ƙara masa ko kwabo, ba shi da dalilin wahalar kai waƙa Auyo, ba shi ma da halin yin haka. Mawaƙi ya fita daga zargi, kuma fitar tasa abin tausayi ce.

Saura wanda kowa ya fi zargi, wato ɓarawon fasaha. A nan hujja tana da ƙarfi. Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta yi suna wajen kwafar fina-finan Indiya da na Amurka tun kafin a san za a yi fim ɗin Hausa na bidiyo. A lokacin akwai ɗakunan da aka jera injinan bidiyo bisa kanta, ɗaya na juyawa sauran na ɗauka, dare da rana. Daga nan kaya ke fita zuwa duk inda ake jin Hausa, har Nijar da Gana da Kamaru da Cadi. Wanda ke da wannan hanya, kai waƙa Auyo ba komai ba ne a wurinsa.

Amma akwai abu biyu da suka ƙi zama. Ɓarawo yakan saci abin da ya riga ya fito ya karɓu ne. Ta yaya zai sami waƙar fim ɗin da har yanzu ke hannun mai tacewa, in ba wani na ciki ne ya miƙa masa ba? Na biyu, masu shirya fim ba mutane ne masu haƙuri da sata ba. Sun sha yin kuka da masu kwafar fina-finansu, sun kai ƙara, sun yi taro a kai. Amma ba a cika jin irin wannan kuka a kan kaset ɗin waƙa mai riga fim fita ba. Mai kaya ya ga ana yawo da kayansa a baro, ya yi shiru. Shirun nan shi ne bakin zaren.

Don gane shi, sai an san yadda ake sayar da fim ɗin Hausa a lokacin, kuma duk sirrin yana cikin kwali. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, babbar matsalar mai shirya fim ita ce yadda zai kai kayansa ga mai saye. Ba shi da injinan kwafa, ba shi da shago a Jos ko Sakkwato. Masu wannan su ne dillalan kaset na Ƙofar Wambai da Bata, waɗanda 'yan fim ke kira 'yan kasuwa kawai. Sai aka tsaya a kan wani tsari wanda Brian Larkin, masanin da ya yi bincike a Kano ya kuma rubuta littafin Signal and Noise a 2008, ya bayyana dalla-dalla. Furodusa zai gama fim, ya je maɗaba'a ya buga kwalaye dubbai masu hoton 'yan wasa. Ya kawo wa ɗan kasuwa kaset na asali, ya sayar masa da kwalayen ɗaya-ɗaya, wajen naira 50 kowanne. Ɗan kasuwa ya sa fankon kaset nasa, ya kwafa da injinansa, ya zura cikin kwali ya sayar. Kaset ɗin da ke cikin kwalin furodusa shi ne halattacce, wanda babu kwali na sata ne. Ma'ana furodusa takarda yake sayarwa, ribarsa adadin kwalin da ya tashi.

Kuma kwali yana da gajeren rai. Makonnin farko ne kasuwa. Bayan nan kwafi ya haifi kwafi, gidajen haya sun sayi ɗaya suna ba unguwa guda, wani sabon fim ya danno. Wanda ya zuba jari a kan fankon kaset dubbai ba ya iya jiran labari ya bi baki a hankali. Yana so ranar da kaya suka fito, a ce mai ƙaramin shago na Haɗejiya ya riga ya gaji da tambayar mutane, ya taho Kano da kuɗi a hannu. Dole a sa wa mutane ƙishirwa kafin a kawo ruwa.

To da me? Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a Maris na 1999, da Tauraruwa ta Sunusi Shehu, inda aka fara laƙaba wa masana'antar suna Kannywood, sun yi aiki a birane wajen masu karatun boko. Fasta takan tsaya a tasha da bangon shago. Talabijin na buƙatar wuta, wuta kuwa kowa ya san halinta. Sannan manyan masu kallon fim ɗin Hausa mata ne da ke cikin gida, waɗanda ba sa zuwa tasha, ba sa zuwa gidan kallo, sai dai a aiki yaro ya karɓo kaset. Talla guda ce ke iya wuce zaure ba tare da sallama ba. Yarinya ta fita talla da safe, ta tsaya gaban mai baro ta ji waƙa sau uku, ta dawo da azahar tana rerawa a tsakar gida. Kafin la'asar uwar ɗaki da kishiya da maƙwabciya sun ɗauka. Ba a biya yarinyar ko sisi ba, ba ta kuma san an aike ta ba.

Wannan ne ya sa mai kaya ya yi shiru. Waƙar ba sace ta aka yi ba, sakinta aka yi. A bar ta ta tafi kusan kyauta a kaset ɗin rediyo, a manna tallarta a farkon wasu fina-finan da ke kasuwa, a saya mata fili a rediyo da tashar CTV ta Kano, duk don ta jawo wa kwali mai saye.

Fim ɗin da ya tabbatar wa kowa da wannan shi ne Sangaya, na kamfanin Sarauniya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, ya kuma mamaye kasuwa tsakanin 1999 da 2000. Labarinsa ba baƙo ba ne, soyayyar ɗan sarki da yarinya mai aiki a gidan sarauta. Waƙarsa da rawarsa ne suka riga shi fita cikin talla, suka kama gari. Kayan aikin ma sun riga sun samu, don tun tsakiyar shekarun 1990 situdiyon Iyan-Tama na Hamisu Lamiɗo ya kawo fiyanon Yamaha mai kwaikwayon sautin kayan kiɗa iri-iri. Mutum ɗaya a ɗaki ɗaya zai haɗa abin da a da sai an tara makaɗa, an ciyar da su, an sallame su. Waƙa ta yi araha wajen yi, ta kuma nuna tana sayar da kaya. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya fi kowa bin diddigin wannan tarihi, yana ɗaukar Sangaya a matsayin mahaɗar da harkar ta sauya hanya.

Daga nan sai ragama ta koma hannun mai shago. Furodusa ya zo da sabon aiki, ya durƙusa ya gaida Alhaji, tambayar da zai fara sha ita ce su wa suka fito, waƙa nawa ce a ciki. Ba a cika tambayar labari ba. Har ta kai ana fara sayen waƙoƙi a situdiyo, sannan a nemi labarin da za a rataya su a kai. 'Yan kasuwa da dama suka shiga zuba kuɗi a shirya fim da kansu, suna zaɓen jarumi, suna tsayar da ranar fita. Malamai sun yi wa'azi a kan rawa da waƙa, marubuta sun ce an mayar da mu 'yan amshin Indiya, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar a ƙarshen 2000 bayan ƙaddamar da Shari'a, ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. An sa dokoki a kan sutura da cuɗanya, amma waƙa ba ta fita daga fim ba. Masu sukar sun ɗauka ado ce da za a iya cirewa. Ba su lura ita ce ke ɗauke da kasuwar ba.

A wasu ƙasashe wannan aiki yana da ofis da muƙami. A 1977 Robert Stigwood, mai kamfanin faifai na RSO, ya saki waƙoƙin Bee Gees na fim ɗin Saturday Night Fever kafin fim ɗin ya shiga silima a watan Disamba, rediyo ya yi masa talla kyauta a faɗin Amurka. Wanda ya fi kama da namu shi ne Gulshan Kumar na Indiya, ɗan mai sayar da ruwan 'ya'yan itace a Delhi, wanda ya kafa T-Series a kan kaset mai araha, ya kuma shirya Aashiqui a 1990, fim ɗin da waƙoƙinsa suka ja shi. Bambancin shi ne a can faifan waƙar kansa haja ce mai kawo dukiya, ana rubuta sunan mawaƙi da makaɗi a jiki. A Kano waƙar koto ce, kifin da ake nema shi ne kwali. Kuma ba sai an je Delhi ba kafin a ga tushen abin. Makaɗan fada da na jama'a sun daɗe suna tafiya da sanƙira, wanda ba ya kiɗa ba ya waƙa, aikinsa ya ɗaga murya ya faɗi ko wane ne ya zo, ya zuga mai kyauta har ya sa hannu a aljihu. Bahaushe ya san waƙa na buƙatar mai yi mata shela tun kafin a ƙera kaset.

Ni dai ina ganin waɗannan 'yan kasuwa sun cancanci a ba su matsayinsu a tarihin waƙar Hausa. Ba su yi karatun talla ba, amma sun san ranar kasuwar kowane gari, sun san watan da manomin fadama ke da kuɗi, sun san wane ɗan tasha ne zai biya bashi. Da wannan sani suka gina hanyar da ta kai muryar Kano har gefen kogin Haɗejiya ba tare da tallafin gwamnati ko bashin banki ba. Ina kuma ganin an ci da gumin mawaƙa. Muryar da ta sayar da kwali dubbai an biya ta kuɗin yini guda, kuma akwai waɗanda suka rera waƙoƙin da ƙasa ta ɗauka suka tsufa ba su da ko shago. Duka biyun gaskiya ne. Abin mamaki ma, mutumin da muke nema bai taɓa ɓuya ba. Duk tallar fim takan ƙare da murya tana jero shagunan da za a samu kaya, a Ƙofar Wambai, a Bata, a Kaduna, a Jos. Masu sauraro sun riƙe waƙar, jerin sunayen kuwa ya bi iska.

Sai dai akwai saura, domin yau ma waƙa na isa Auyo da wuri, alhali kwali ya mutu. Faifan CD ya kori kaset, memori da wayar hannu suka kori faifai, fina-finan Indiya da aka juya zuwa Hausa suka cinye abin da ya rage na kasuwar. Shagunan kaset da yawa sun koma sayar da waya da caja. Yanzu a kasuwar ƙauye za ka ga matashi a ƙarƙashin laima da tsohuwar kwamfuta da tarin igiyoyin caji, mutum ya miƙa masa waya ya ce a cika masa da sababbi. Daga wannan waya ta bi Xender da Bluetooth ta shiga goma. Kuma sau da yawa babu wani fim da ke biye da ita. Jaruma ta Hamisu Breaker ta karaɗe ƙasar Hausa a 2020, lokacin kullen korona, matan aure suna ɗaukar kansu suna yi wa mazajensu rawarta suna ɗorawa a intanet. Waƙoƙin Ado Gwanja sun bi ta TikTok sun shiga kowane gidan biki. In babu kwalin da za a sayar, me waƙar ke talla?

Mai ita take talla. Mawaƙan wannan zamani, irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Naziru Sarkin Waƙa, sun fito daga bayan labule da fuskarsu da kundinsu na shekara. Waƙar da ta tafi kyauta ita ke jawo gayyatar biki, da waƙar amarya da ango da ake biya a yi wa mutum tasa, da kwangilar 'yan siyasa in zaɓe ya matso, da kuɗin da YouTube ke biya bisa yawan masu kallo. Fina-finai masu dogon zango irin Labarina da Izzar So sun ɗauki dabarar a sabon salo, waƙa na jan mai kallo zuwa mako na gaba. Aikin da Alhajin Ƙofar Wambai ke yi ya watsu hannun manajan mawaƙi da masu manyan shafuka a Instagram da Facebook, waɗanda ake biya su ɗora guntun sabuwar waƙa kafin ta fito.

Kuɗin da mutumin Auyo ke kashewa a kan waƙa yau yana tsayawa ne a teburin mai turawa, da wurin kamfanin waya mai sayar da data, da hannun mai kayan sauti da aka ɗauko ranar kamu. Kusan babu abin da ke isa ga mawaƙi kai tsaye. Abin da yake samu daga Auyo shi ne a san shi, don ranar da wani mai hali a masarautar Haɗejiya zai aurar da 'yarsa, 'yan matan gidan su ce shi suke so a kira. Saboda haka ba ya yarda a sake raba shi da muryarsa. Kafin baitin farko za ka ji an ambaci sunansa da na situdiyon da ya yi kiɗan, a bidiyon kuma an rubuta lambar wayar manaja a ƙasa ga mai son a zo masa biki.